Haƙoran da Suka Riƙa Jin Kiran Waya

Jama'a, wallahi a bakina wannan abu ya faru, shekarun da nake sayen matattun batiran mota a kasuwar Maigatari, in fasa, in narkar da dalmar da ke ciki. Ni da na baro firamare a aji uku, ba ni da wani ma'auni sai haƙori: in gatsa dalma, in ya nutse, to mai kyau ce. Haka maigidana a sana'ar ya koya mini.

To, da waya ta yawaita, sai haƙoran nan suka kama aikin da ba wanda ya ɗauke su. Ina zaune sai in ji dasashina yana zuuu, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe, in ce wa maƙwabcina mai sayar da igiya, "Malam Sale, ɗauko wayarka." Yana zaro ta daga aljihu, sai ta hau ƙara. Da farko dariya ake yi, har suna kira na eriya. Da ciwon ciki da mantuwa da rawar hannu suka biyo baya, dariya ta ƙare. Mai ɗakina Ladi ta ce, "Malam, ko iska ce ko taɓin hankali, 'yan'uwanka dai sun fara maganar sa maka mari a ƙafa."

Na ce a kai ni asibiti a Gumel tukuna. Likita ta ɗebi jinina, da sakamako ya fito ta ce, "Baba, dalma ce a jininka. Me kake ci?" Na ce, "'Yar nan, ba ci nake ba, ɗanɗanawa nake. Batun wayar fa?" Ta ce wannan ba ya cikin karatunsu.

Ban taɓa murnar samun cuta irin ta ranar ba. Na sha magani, na bar sana'ar, na koma noman gero a Gagarawa, hankalina ya dawo, zuuu ɗin ya ɗauke.

Sai bara, da hantsi muna gona, zuuu ɗin ya dawo da ƙarfinsa. Na ce, "Ladi, ana kira." Ta ce ai wayar tana gida, a mace, ba caji. Da muka koma aka sa ta a caji, sai ga mijin 'yarmu ya bugo: tun hantsi yake neman mu, ta sauka lafiya. Ladi ta daɗe tana kallon bakina, sannan ta ce kada 'yan'uwana su ji.

Ku dai kada ku sa dalma a baki. In kuma kun zauna kusa da ni, kada ku wahalar da kanku da kashe waya.