Kibiyar Yari Kamasho

Shekara ashirin da shida Yari yana kamasho a tashar motar garin Isa. Shi ke faɗin motar da za ta yi lodin Sakkwato da wadda za ta jira. Bai yi boko ba. Allonsa ƙasa, alƙalaminsa wani tsohon makulli da motarsa ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Idan direbobi suka fara gardamar layi, sai ya tsuguna ya zana akwatuna, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan, har mai gardama ya hango kansa a ciki ya yi shiru. Matarsa Saude ta ce ko nama za a raba a gida sai ya zana.

Bara ƙungiyar direbobi ta ce a mayar da layi cikin waya. Aka ba Radiyya aikin, ɗiyar wani tsohon direba, wadda ta karanto kwamfuta. Kwana uku tana bin Yari da tambaya, sannan ta zana tsarin: mota ta iso, ta shiga layi, ta yi lodi, ta tashi. Daga zanen nan kwamfutar ke rubuta yawancin umarnin manhajar da kanta. Yari ya ce ashe na'urar 'yar gidansu ce, ta fi son zane da surutu.

Wata ranar kasuwa Illo direba yana na biyu a layi, aka kawo mai naƙuda. Ya fita ya kai ta asibiti. Da ya dawo, waya ta jefa shi na goma sha tara, wato ranar ta wuce shi ke nan, ga iyali a gida. Wasu suka ce waya ba ta son kai. Illo ya koma ya zauna a inuwar motarsa.

Yari ya aika aka kira Radiyya. Ta buɗe masa rubutun manhajar, ya ce ta rufe wannan tururuwar ta nuna masa zane. Ya bi shi da makullinsa, ita kuwa tana roƙonsa kada ya karce mata gilashi.

"Ɗiyata, wagga kibiya ta fidda mota. Ina wadda za ta maido ta?"

Ya gaya mata tun kafin a haife ta, wanda ya bar layi don mai naƙuda ko majinyaci ko gawa, gurbinsa na jiransa. Ta ce bai taɓa faɗa mata ba. Ya ce ai bai faɗa mata ana sallar azahar a tasha ba ma.

Ta ja kibiyar, kwamfuta ta sake rubuta abinta, ta gwada, ta tura wa wayoyi. Kafin la'asar Illo ya cika mota ya kama hanya.

Mai naƙudar ƙanwata ce, shi ya sa na je yi wa Yari godiya. Ya ce in kai godiyar wurin Radiyya, wadda ta sa na'ura ta yi maganar da wanda bai yi boko ba zai iya yi mata gyara. Na kai. Ta karɓa, ta ce in gaya wa Baba Yari ƙofarta a buɗe take, amma ya riƙa barin makullin a aljihu.