Ranar da Muka Fita Babu Salansa

Motar ta girmi direbanta. Alhaji mai garejinmu a Makera ya sayo ta duk ta yi tsatsa, ya ce a shirya ta domin tseren tsofaffin motoci. Ni mai walda ne. Aikina shi ne kejin ƙarfe da ake haɗawa a ciki, don kada rufi ya danne mutum idan mota ta kife. Kowace gaɓa sai na buga mata guduma, in je gida in kasa cin tuwo, in dawo in sake bugawa.

Aka cire kujerun baya, aka cire lamba saboda fenti, aka cire salansa don injin ya sami numfashi. Cire salansar bai kwanta mini ba, amma na rasa dalilin da zan faɗa.

Ranar gwaji, direban, wani ɗan Sabon Tasha mai yawan dariya, ya miƙo mini hular kwano.

"Malam, shigo. In kejinka ya karye, gara mu tafi tare."

Muna isa unguwar Television ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta yi ta-ta-tau! A garin nan kowa ya san ƙarar da ke kama da wannan. Mata suka watsar da tumatir, aka hau rufe shaguna. Wani mai keke ya juya a guje ya kife a gabanmu, dole muka tsaya.

Sai ga samari da gorori. Abin da suka gani shi ne mota babu lamba, da mutum biyu fuska a rufe.

"Su ne suka yi harbin!"

Dutse ya fasa gilashin gaba. Wani ya zura hannu ya finciki direban, bel ya riƙe shi a kujera, na ji kafaɗarsa ta yi ƙas. Ya cire hularsa da ɗaya hannun don su ga fuskarsa, gora ta same shi a baki, jini ya fantsamo mini. Suka hau rufin suna tsalle. Rufin ya lotsa har ya zauna a kan kejin, ya tsaya. Ina salati, idona na kan gaɓar da ke saman kaina.

Da na ji an ce a kawo fetur, na san mun ƙare.

Wani tsoho mai faci a bakin titin ya ratso su, ya leƙa ƙasan motar, ya leƙo ciki.

"Ina bindigar?" ya tambaye su. Ya juyo kan direban. "Ɗana, taka ka saki."

Direban ya taka totur ya saki. Ta-ta-tau! Samarin suka zube ƙasa, wasu suka faɗa kwata. Wuta ta fito daga bututun hayaƙi, kowa ya gani.

"Kun ga bindigarku," in ji tsohon. "Tusar mota ce."

Babu wanda ya yi dariya. Mai jarkar fetur ya ajiye ta a hankali ya sulale.

A asibiti aka gyara kafaɗar direban, haƙoransa na gaba kuwa sun tafi. Da na je duba shi, ya ce da bakinsa a kumbure, "Malam, kejinka ya ci jarrabawa."

Na koma gareji na tono salansar daga cikin tarkace, na mayar da ita jikin motar da hannuna, na buga mata guduma. Alhaji yana tsaye yana kallo, bai hana ni ba.