Ƙusar da Aka Lanƙwasa a Ɗakin Iya Tabawa

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, wani mutum ya shigo shagona ya ce in yanka masa wayar wuta yadi goma sha biyu.

Ga wanda bai san ni ba, kayan lantarki nake sayarwa a bakin kasuwar unguwarmu. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune tsakanin ƙwan fitila da soket.

Mutumin, bari mu kira shi Sagiru. Ba sunansa ba ne, sauran sunayen ma duk na canza su, kuma kada wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya, ba zan faɗa ba.

Direban motar haya ne. Fanka ya sayo wa mahaifiyarsa, Iya Tabawa. Tsohuwar ta shekara biyu ba ta iya tashi, ga ɗakinta na kwano a can ƙuryar gida, zafi yana gasa ta. Ɗakin ba shi da soket, shi ne yake so ya ja mata wuta daga nasa ɗakin.

Na yanka masa wayar, farar nan mai faɗi da ake bi da ita ta jikin bango. Sai na ɗora masa faket ɗaya na kilif a kai.

Kun san kilif ai. 'Yar robar nan fara mai ƙaramar ƙusa a gefe. Robar ce take rungume waya, ƙusar kuma ta shiga bango, ƙarfe bai taɓa waya ba. Aikinta ke nan a duniya.

Sagiru ya turo mini faket ɗin yana dariya. Wai yana da ƙusoshi cike da gwangwani a gida, zai kafa ya lanƙwasa su a kan wayar, sun fi wannan 'yar robar riƙo.

Na ce masa ƙusa tana cin waya. Sau ɗaya na faɗa, shi ma a ciki-ciki, domin akwai mutum biyu a bayansa suna jira.

Ya tafi abinsa, ni ma na manta.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Malam Haladu.

Mai wayarin ne, dattijo, shekara talatin da huɗu yana aikin. Rabin gidajen unguwarmu shi ya ja musu wuta, har da gidan su Sagiru, wata uku kafin wannan rana.

Ba shi da shago, ba shi da allo a bakin titi. Sunansa kawai ake faɗa a kira shi.

Mutum ne mai ban haushi wajen aiki, gaskiya. Da taƙinsa yake auna bango, kowane taƙi ɗaya kilif ɗaya, ko a bayan ƙofa ne inda ba mai gani. Aikin yini ɗaya sai ya kwana uku a kai. Mukan tsokane shi mu ce, Malam, bangon nan aurensa za ka yi ne? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da buga 'yar hamarsa.

Amma in ya gama, wayar takan miƙe kamar an ja layi a littafi.

Kwana goma sha ɗaya da sayen wayar, bayan azahar, aka kawo wuta.

Sagiru yana hanya. Matarsa ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa. Iya Tabawa tana kwance ita kaɗai, fankarta tana juyawa.

Kafin a ga hayaƙi, silin ya kama. Kafin a samu shiga, ta cika.

Allah Ya jiƙanta.

Wallahi ba a dawo daga maƙabarta ba magana ta gama zaga unguwa. Wayarin ne. Wa ya yi wayarin ɗin gidan? Malam Haladu.

Kafin magariba hotonsa yana yawo a wayoyin mutane, an rubuta a ƙasa: a kula da wannan mutumin. Waɗanda ba su san bambancin soket da makunni ba duk sun zama injiniyoyi. Wannan ya ce tsufa ya kama shi. Wancan ya ce dama jabun kaya yake sa wa mutane, alhali a wurina yake saye, kuma ban taɓa ganin mai tsantseni irinsa ba.

Washegari dattijon nan ya shiga ƙonannen ɗakin shi kaɗai, ya yi ta tonon toka da hannu.

Daga can shagona ya zo. Ya zube ƙusoshi uku a kan teburina, baƙi ƙirin, kowace a lanƙwashe. Ɗaya har da narkakkiyar waya manne a jikinta.

Ya ce wannan ba hannunsa ba ne, kuma bai san na waye ba.

Ni na sani. Na zauna na gaya masa komai.

Ranar sadakar uku muka tafi tare. Ƙofar gidan cike da tabarmi, daga ciki ana jin kukan mata. Muka ja Sagiru gefe, bayan katanga, inda ba kowa.

Malam Haladu ya matso kusa da shi. Tafin hannunsa kawai ya buɗe.

Sagiru ya kalli ƙusoshin. Sai ya durƙushe ya riƙe gefen rigar dattijon.

"Baba, na sani. Tun ranar na sani. Da hannuna na kafa su."

"To ka faɗa wa mutane, ɗana. Ni sunan nan kaɗai gare ni, da shi nake ciyar da gidana."

"Baba, ƙannena mata huɗu ne a ciki suke kuka. In shiga in ce musu ni na ƙona Iya? Fanka fa na sa mata, Baba. Iska nake so ta sha. Don girman Allah ka rufa mini asiri."

Malam Haladu ya dunƙule hannunsa a kan ƙusoshin.

"Tashi," in ji shi. "Kada a gan ka a haka."

A hanyarmu ta komawa ya tsaya a bakin kwata, ya watsa ƙusoshin ciki. Ya juyo ya ce mini, kai ma ba ka ga komai ba.

Na so in yi masa gardama. Ban yi ba. Kuma in faɗa muku gaskiya, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji, domin in magana ta fito, za a tambayi wanda ya sayar da waya ba kilif.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce gaskiya ta yi halinta, an taru an ba dattijo haƙuri.

Ba a yi ba.

Kira ya ɗauke masa ɗif. Wanda ya riga ya ba shi aiki ya aiko a ce ya dakata tukuna. Gidajen da ya yi wa wayarin shekara ashirin ba ko tartsatsi, masu su suka kira wasu suka ɓamɓare aikin, wai don kwanciyar hankali.

A shagona aka sayi sabuwar wayar. Ni na yanka, ni na naɗe, ina ji ana zaginsa a kaina.

Har masallacin unguwa, da ya yi wa aiki kyauta, aka sa aka cire. Ya zo sallar la'asar ya tarar da kilif-kilif ɗinsa zube a ƙasa ana sharewa. Ya tsallake su ya shiga sahu.

Wata tara ke nan yanzu. Faskaren itace yake yi wa masu gidan burodi, mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Ya rame, ya yi baƙi. In na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Sau biyu ina zuwa gidansa ina roƙonsa ya bar ni in yi magana. Ya ce in na faɗa, yaron nan ba zai ƙara shiga cikin 'yan'uwansa ba har ya mutu, shi kuwa saura nawa ya rage masa.

Juma'ar da ta wuce, an fito masallaci, na ga Sagiru ya tsallaka titi da sauri. Ya je gaban Malam Haladu ya rusuna, ya gaishe shi da hannu biyu. Haka yake yi duk inda ya gan shi.

Wani dattijo da ke tsaye kusa da ni ya girgiza kai.

"Kai, yaron nan waliyyi ne," in ji shi. "Dubi yadda yake gaida wanda ya kashe masa uwa."

Na buɗe baki.

Daga tsallaken titi Malam Haladu ya ɗago ya kalle ni.

Na ce, "Haka ne."

Darasi: Ba kowa ne ake wankewa a duniyar nan ba. Akwai wanda zai shiga kabari da laifin da bai yi ba, kuma mu ne za mu ɗauki gawarsa muna cewa Allah Ya yafe masa. Kafin ka tura hoton mutum da sunan gargaɗi, tambayi kanka ko ka shiga ɗakin ka tona tokar. In kuma ka san aikinka, ka ga wani zai yi kuskure, kada ka faɗa sau ɗaya a ciki-ciki irina. Ɗaga murya, ko zai ji haushinka.

Ku tura wannan gaba. Ba zai dawo wa Malam Haladu da komai ba, na sani. Amma wataƙila ya isa hannun wani da yake shirin ɗaukar hama da ƙusa yau.