Mahaucin da Ba Ya Kawo Nama Gida

Umma takan ce ta auri mahaucin da bai taɓa kawo nama gida ba. Da gaskiyarta. Babana ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na wani asibiti, can ƙarƙashin bene inda ko taga babu, kuma tun kafin a haife ni aikinsa ke nan, yankan nama. Idan likita ya gutsuro ɗan abu daga jikin mara lafiya, wurin Baba ake kai shi cikin kwalba. Ya jiƙa shi a magani, ya daskarar da shi cikin kakin kyandir, ya ɗora a inji ya yi ta fere shi har sai bawon albasa ya fi shi kauri. Sannan ya shimfiɗa a kan gilashi, ya rine shi ja da shuɗi, a kai wa likita ya duba.

Aikin nan ya cinye shi, wallahi. Wuya ya ranƙwafa, ido ya yi rauni, yatsu kullum da rini. Ya dawo gida ya zube a kujera yana warin magani, ko takalmi sai an tuna masa ya cire.

Magana ba ta dame shi ba. Sai da na faɗi jarrabawar kimiyya a makaranta na ji bakinsa a kan aikin.

"Ke dai kin ba ni kunya," ya ce, yana murza ido. "Abin nan ai ba wuya. Jikinki duk ƙwayoyin halitta ne, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Iri ɗaya su haɗu su zama tsoka. Tsoka iri-iri ta haɗu ta zama hanta, ko hanji, ko huhu. Hanta da ciki da hanji su haɗa kai su narka miki abincin da kike ci ba kya karatu."

Na ce, "To ciwo fa?"

"Kowace ƙwaya ta san wurinta, ta san lokacin da za ta daina hayayyafa. Wani ciwon, wasu ne suke ƙin dainawa, su cunkushe, su ture na kusa da su."

Kafin ya aika kowane gilashi, sai ya leƙa ta madubin ƙara girma ya ga ko rini ya kama. Shekara da shekaru yana leƙen nan, yaya za a yi bai san mai kyau da mara kyau ba? Amma ko za a mutu ba ya faɗi. Maƙwabta su zo har gida suna roƙo ya faɗa musu abin da ya gani a naman majinyatansu, ya ce shi yanka ne nasa, faɗi na likita ne. Abin yana ƙona min rai. Na taɓa ce masa wannan ai mugunta ce. Ya ce, "Wanda zai faɗa shi ne yake da maganin bayarwa. Ni in na faɗa, me zan ba su?"

Sai ƙari ya fito wa Umma a mama. Ta ɓoye, ta ɓoye, har ya ƙi ɓoyuwa. Aka gutsuro, aka sa a kwalba, aka saukar ƙarƙashin bene. Abokin aikin Baba ya ce ya bari shi ya yi. Baba ya ƙi, wai hannun mutumin yana da nauyi, zai yaga naman.

Ranar da na san ya gama, a bakin ƙofa na tare shi da yamma.

"Baba, me ka gani?"

"Likita zai faɗa."

"Haba Baba! Matarka ce fa! Uwata ce!"

"Na ce likita zai faɗa. Matsa in wuce."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Na gaji da jira, na gaji da wannan taurin kai nasa, har na ji kamar in girgiza shi.

Umma tana bayan gida tana wanki a durƙushe, ta ji komai, ba ta ɗago ba. Ya tsaya a kanta yana kallonta. Can sai ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya janye bokitin daga gabanta.

"Kawo. Je ki huta."

Tunda aka yi aurensu ko hankici bai taɓa wanke mata ba. Umma ta dube shi, ya ƙi haɗa ido da ita, ya duƙufa yana cuɗa zanenta kamar ya saba. Ta goge kumfar hannunta a jikinta a hankali, ta dafa bango ta miƙe.

Ta ce min, "Kira yayanki a waya. Ki ce masa ya nemi hutu ya zo gida."