Zanin da Alhaji Ya Rataya

Ban taɓa ganin faɗa marar murya ba sai a Dubai. A gida idan mutum biyu suka kaure, unguwa kan sani tun kafin a kai hannu, domin ashar ke yin gaba, duka ya biyo baya. A can kuwa cije haƙori ake yi a daki juna, don kowa ya san idan 'yan sanda suka shigo, da mai duka da wanda aka daka mota ɗaya suke shiga, daga nan sai soke biza, sai jirgi. Wanda na gani da idona a ɗakinmu na Al Karama aka yi shi, a shekarar 2018, kuma a kan kuɗin talabijin.

Ɗakin ma ba ɗaki ba ne, falo ne aka tsaga da katako, 'yan Filifin a ɗaya ɓarin, har tarinsu muna ji. Mu uku ne a ciki. Ni ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Al Buteen. Akwai Bakatsine direban bas ɗin ma'aikata, wanda muke ce wa Alhaji, gajere siriri, zuciyarsa a kusa take. Katsinawa sukan ce kunya gare su ba tsoro ba, to shi kunyar ma a gida ya baro ta. Na ukunmu ɗan zangon Kumasi ne, mai gadi a wani babban kanti, ƙato ne na gaske, amma maganarsa a sanyaye kamar mai roƙon gafara.

Talabijin ɗin na Alhaji ne. A Dubai ba a bi gida-gida karɓar kuɗin lasisi, amma mai son ƙwallo dole ya biya kuɗin tashoshi duk wata, lokacin gasar kofin duniya kuma a ƙara masa. Alhaji ya ce a raba uku. Na ba da nawa, ba don ƙwallo ta dame ni ba, sai don zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ɗan Kumasi ya ce shi kam a'a.

“Alaji, ni ba ni kallo. Abin da ban kira ba, ba ni biya.”

“Gadonka ne ke fuskantar talabijin,” in ji Alhaji. “Ko ka rufe ido, kunnenka na ci.”

“Kiran salla ma yana shiga kunnena. Wa ya taɓa kawo mini bil?”

Daga baya ɗan Kumasi ya ba ni dalilinsa. Ya taɓa aika wa mahaifiyarsa talabijin, ta ofishinmu ma aka ɗora shi. Ana nan sai aka taso da maganar lasisi a ƙasarsu, wai duk mai talabijin sai ya biya, ko yana kallon tashar gwamnati ko ba ya kallo, har ana ambaton kotu. Tsohuwa ta tsorata, ta naɗe abin da zani ta tura ƙarƙashin gado, ta koma kallo a gidan maƙwabta. Tun ranar ya rantse ba zai ba da ko sisi ba a kan abin da ke yawo a iska. Da Alhaji ya ji wannan sai ya ce, “Iskar ce ke biyan masu ɗaukar hoton?” Ni a ganina Alhaji ya fi gaskiya, sai dai gaskiyarsa irin wadda ake jifan mutum da ita ce.

Jifan kuwa an yi shi. Wata rana ɗan Kumasi ya yi murmushi daidai lokacin da aka ci ƙwallo, Alhaji ya wurga masa rimot, ya same shi a leɓe har ya fashe. Ƙaton ya lashe jinin, ya ɗauki rimot ɗin ya ajiye masa a kan katifa. Washegari Alhaji ya kafa ƙusa a bango, ya ja igiya zuwa ƙarfen gado, ya rataya wani tsohon zanin gado mai ruwan ƙasa a gaban makwancin ɗan Kumasi. Ya ce wanda bai biya ba, ga iyakarsa. Na yi dariya a lokacin, don abin ya yi kama da wasan yara, manya da gemu ana raba ɗaki da tsumma.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce da yamma, ba mai aiki a cikinmu, Najeriya na wasa. Ni da Alhaji muna zaune a ƙasa, ɗan Kumasi yana kwance a bayan zani kamar kullum. Mai sharhi da Larabci yake zuba, kuma duk mun san Larabcin ɗan Kumasi bai wuce yalla da halas ba, wato mu je da shi ke nan. Ɗan wasanmu ya tare ƙwallo a bakin raga, kafin mai sharhi ya buɗe baki sai muka ji murya daga bayan zani: “Buga mana!”

Alhaji ya juya a hankali. Ya miƙe, ya fizge zanin. Ga mutumin kwance da ɗan madubin aski a hannu, ya karkata shi ta gefen zani, duk filin wasa yana ciki.

Alhaji bai zage shi ba. Madubin ya fizga ya maka masa a fuska. Gilashi ya tarwatse, gira ta tsage, jini ya sauko ya rufe ido ɗaya. Ɗan Kumasi ya tashi, kansa ya daki ƙarfen gadon sama, ya cakumi wuyan rigar Alhaji ya ɗaga shi sama ya haɗa shi da katakon da ya raba mu da 'yan Filifin. Katakon ya girgiza, na ji hirarsu ta tsaya cak. Abin da ya fara zo mini shi ne rimot, na ƙure ƙarar talabijin har ƙarshe, sannan na shiga tsakaninsu. Gwiwar hannun wani ta same ni a hanci, na koma gefe na zauna ina ganin taurari.

Suka zube ƙasa, tukunyar shinkafa ta kife, suna birgima a kan fasasshen gilashi. Ba ka jin komai daga gare su sai nishi da numfashi. Alhaji ya kafa haƙora a damtsen ƙaton, ya riƙe bai saki ba, shi kuma yana dukan haƙarƙarinsa da dunƙule, dum, dum, kamar ana kirɓa sakwara. Na ga idon Alhaji ya juye, na ga hannunsa na dama yana lalube a ƙasa har ya kama dutsen guga. Ya ɗaga shi zai sauke a kan mutumin. Ɗan Kumasi ya cafke wuyan hannun, ya danna shi a kan ƙarfen gado, ya hau da dukkan nauyinsa.

Ƙarar da na ji irin ta karya rake ce. Daidai lokacin Najeriya ta ci, mai sharhi ya kwarma ihu, 'yan Afirka da ke benen suka ɗauka gaba ɗaya, ana buga ƙofofi ana tsalle. A cikin wannan ihun Alhaji ya cusa zanin gadon a bakinsa ya yi nasa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba jinin ne ya tsorata ni ba, ƙofa nake kallo.

Aka ƙwanƙwasa kuwa. Mai gadin bene ne, wani Bangali, wai maƙwabta sun ce an daki bango. Na buɗe kaɗan, na toshe da jikina, hannu a hanci. Na ce, “Ƙwallo ce, habibi, mun ci. Halas, za mu rage.” Ya leƙa, bai ga komai ba sai hasken talabijin, ya yi dariya ya tafi. In ana neman ranar da kuɗin tashoshin nan ya yi amfani, to ranar ce.

Na ce a tafi asibiti. Alhaji ya girgiza kai, gumi na zuba, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ya ce likita zai ga shatin yatsu a wuyan hannun, zai ga fuskokinmu, zai kira 'yan sanda. “Ni na fara,” in ji shi. “Kuma wannan shashashan uwarsa shi take jira.” Shashashan yana tsugune yana kuka, jini da hawaye sun haɗu a gemunsa.

Wani tsoho mai ɗori aka kwatanta mana a gidajen ma'aikata na Al Warsan. Ɗan Kumasi ne ya ciccibi Alhaji zuwa tasi, shi ne kuma ya rungume shi ta baya ya danne lokacin da tsohon ya ja hannun. Ƙashin ya yi ƙara a karo na biyu, Alhaji ya sake cizon damtsen nan, a wurin da ya ciza ɗazu, ƙaton bai ko motsa ba.

Hannun ya haɗe, amma a karkace. Yatsu biyu suka daina naɗewa. Alhaji ya ɗauki hutu, hutu ya ƙare, ya koma ya gwada juya sitiyarin bas, abin ya gagara. Kamfani bai yi dogon bincike ba, direba da hannu ɗaya ba direba ba ne. Ya haɗa kayansa. Talabijin ɗin ya ce ba zai ɗauka ba, wai a Katsina ma sai an biya, shi kuma ya gama biya. Ɗan Kumasi ya kai masa akwati har filin jirgi, a bakin shiga Alhaji ya miƙa masa hannun hagu.

Da wata ya ƙare na ce a bar tashoshin su mutu, na tsani abin. Sai na dawo daga aiki na tarar ana wasa. Ɗan Kumasi ya je ya biya, shi kaɗai, kuma haka ya ci gaba da yi duk wata har na bar ɗakin. Zanin ma ya wanke shi, ya mayar kan igiyarsa. Yakan kunna talabijin, ya koma bayan zani ya kwanta, babu madubi.

Wata rana abin ya ishe ni. Na ce, “Malam, yanzu ai kai ke biya. Cire tsumman nan ka yi kallonka.”

Ya miƙa hannu ya gyara gefen zanin.

“Bar shi, Yaya,” ya ce. “Alaji ne ya rataya shi. Da hannun dama.”