Albasar Khala Uwani

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar yau 'yar Khala Uwani ta kira ni, ta ce Allah Ya karɓi ran mahaifiyarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau biyu na sa ta maimaita sunan.

Jinyar kwana uku ce kawai. Ban san shekarunta ba, don haka ba zan rubuta ba. Na taɓa tambayar ta, ta ce in duba iƙamarta, wato katinta na izinin zama, amma in sani ita ma iƙamar kintace ta yi.

Yawancinku ba ku san ta ba. Mai girki ce a wani gida a nan Jidda, ranar hutu kuma tana unguwar Hindawiyya wurin 'yarta. Ni kuwa wata bakwai ke nan da fara aiki a wani asibitin dabbobi a unguwar Safa, aikina na farko bayan makaranta da hidimar ƙasa.

A mako na uku muka haɗu. Direban gidansu ya kawo wani kare mai suna Simsim, ita tana biye da jakar takardunsa. Karen ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Gwaji ya nuna jininsa ya ragu. Matar gidan, wadda kowa ke kira Madam, ta ce mana a waya abincin kanti na buhu kaɗai yake ci.

Sau uku na karanta bayan buhun nan, ban ga laifinsa ba. Ina gumi a cikin sanyin AC. Ban san lokacin da na ce wa karen da Hausa ba, "Kai kuwa me ka ci?"

Sai na ji an amsa daga bayana. "Au, ashe 'yar gida ce. Shinkafa da miya ya ci."

Ashe tun da aka canza masa abinci Simsim ya ƙi shi. Khala tsakuwa take kiran abincin. Karen kuma Riɗi take ce masa, don simsim da Larabci riɗi ne.

"'Yata, kwana biyu yana kallon tsakuwar nan yana kallona. Ni ba son kare nake ba. Amma a ce mai rai yana kwana da yunwa a gidan da nake girki? Ai ni aka zaga."

Wata biyu tana zuba masa daga tukunyarta. Na tambayi abin da ke ciki. Tumatir, kaza, tafarnuwa, albasa. Na ce albasa nawa? Ta dube ni sama da ƙasa.

"Albasa dai. Yadda ake sawa."

Masu kare, ku riƙe wannan: albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jinin kare. Mu kuwa ba mu da miyar da babu su.

Na gane ciwon, amma hankalina ya fi tashi. Dole in rubuta rahoto, Madam za ta karanta, mijinta kuma shi ne kafilin Khala, wanda izinin zamanta a ƙasar ke hannunsa. In na rubuta gaskiya, ana iya sallamar tsohuwa saboda rubutuna. In na ɓoye, na buɗe aikina da ƙarya, kuma likitan da zai duba karen bayana zai yi ta lalube. Na ja ta gefe na yi mata bayani.

Ta gyara mayafinta.

"Rubuta. Amma ki rubuta duka. Ki ce yana cinyewa tas, har ya lashe kwano."

Na rubuta duka. Har yau layin nan yana cikin fayil ɗinsa.

Kafin rahoton ya isa, ita da bakinta ta faɗa wa Madam. Madam ta yi faɗa ƙwarai, ta ce halas, wato magana ta ƙare, ƙarshen wata Khala ta tattara kayanta.

Simsim ya yi kwana huɗu a wurinmu, ya farfaɗo, ya koma gida, ya ci gaba da ƙin tsakuwa. Iri uku muka gwada masa. Sai ya sansana ya kwanta.

Da izinin babban likitanmu na kira Madam. Sai da na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na karanta wa bango sau biyar. Na ce abincin kanti ba shi da aibu, an haɗa komai daidai a cikinsa, amma ba zai amfani karen da ya ƙi ci ba. Na gida ma yana yi, in an auna, an ƙara garin sinadaran da za mu bayar. A yi rabi da rabi. Na kuma ce a gidan nan hannun mutum ɗaya karen ya yarda da shi. Madam ta ce a gwada mako biyu.

Ranar Asabar na je muka yi girkin farko. Kaza dafaffa an cire ƙashi, shinkafa, kabewa, karas. Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji, ba albasa. Khala ta leƙa tukunyar, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta yamutsa fuska.

"Wallahi wannan ko kare ba zai ci ba."

Ya ci. Minti biyu bai cika ba, na duba agogo.

Ta riƙe ƙugu tana kallon sa. "Ashe ba ka san daɗi ba. Duk suyar da na yi ta yi maka, a banza."

Na kai mata ƙaramin sikeli. Ta ce hannunta ya girmi sikelin. Na ce mu gwada. Ta ɗebo shinkafa sau uku, duk ukun ba ta kauce da fiye da giram biyar ba. Duk da haka na roƙe ta ta riƙa ɗorawa, ta ce to, don kada hawan jini ya kama ni tun ban yi aure ba.

Tukunyar Riɗi daban, ludayinsa da jan zare a ɗaure. Ba ta taɓa barin ya lashe ta ba, shi ma bai taɓa barin ƙofar kicin ɗinta ba.

Mako biyu ya wuce. Ƙarshen wata ya zo ya wuce. Ba wanda ya ƙara maganar tattara kaya.

Daga nan duk zuwan da za su yi awo sai ta riƙo mini wani abu a leda: dambun nama, ko yajin daddawa, wata rana alkaki. Ita ta raka ni unguwar Bagdadiyya ta taya ni cinikin labule, mai shagon har ruwa ya ba ta. In na fara jero mata abubuwan da nake tsoro, sai ta ce, "Yalla, ci abinci tukuna, tsoron ba ya gudu."

Ganinmu na ƙarshe Alhamis ce, kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Riɗi ya hau sikeli, nauyinsa daidai. Suna shirin fita na faɗa mata abin da ya daɗe a raina. Na ce, "Khala, ki yafe mini rahoton nan. Saura kaɗan in raba ki da aikinki."

Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Ke har yanzu kina nan? Da kin rufa mini asiri, da na ci gaba da zuba masa albasa har in kashe shi da hannuna, ina ganin alheri nake yi. Aiki ana samun wani. Wannan kuwa me zan ce wa Allah? Je ki, ba komai tsakaninmu."

'Yarta ta ce tana bakin aikinta har ranar da ciwon ya kwantar da ita. Madam ce ta kai ta asibiti, ita ta zauna da ita.

Za a yi mata sallah bayan la'asar.

Ya Allah, Khala Uwani ta ciyar da mutane, ta ciyar da dabbar da ba ta iya roƙo ba, ta karɓi laifinta da bakinta ranar da yin shiru ya fi sauƙi. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka ba 'yarta da jikokinta haƙuri.

Duk wanda ya karanto har nan, don Allah kada ya tsaya a danna alama. Ka ajiye wayar minti ɗaya, ka ambaci sunanta, Uwani, ka roƙa mata rahama.