Na Ƙarshe a Layin Kwano

Wautar da na tafka ina ɗan shekara tara ita ce na tsoma hannu a kwanon wanke hannu kafin Kawu Modu. Ƙamshin burabusko da miyar kifi ne ya ɗauke mini hankali. Kafin in ciro hannun, ranƙwashin Baba ya sauka a tsakiyar kaina. Har yau in na shafa wurin, ji nake akwai ɗan ramin da zai iya tara ruwan sama.

A gidanmu na bakin kogi a Gashua, kwanon wanke hannun maza ɗaya ne, kuma ba a sake ruwan. Baƙo ne farko in akwai, sai Baba, sai yayyena biyu, sai ni, sai ƙanenmu Bukar da muke kira Auta. Kafin kwanon ya iso kan Auta ruwan ya yi kauri, in ka jefa fatsa sai ka ciro tarwaɗa. Dokar kakarmu ce, Kaka Falmata. Ta ce ruwan da hannun manya ya shiga ɗauke yake da albarka, zubar da shi asara ne.

A shekarar kogi ya cika ya shigo unguwa, masai suka tumbatsa, rijiyoyi suka koma kalar shayi. Kawu Modu ya iso daga Nguru da la'asar riƙe da ciki, yana ta zirga-zirga bayan gida kamar ya yi ajiya a can.

"Furar tasha ce," in ji shi. "Na gane matar. Zan koma mata."

Da na yi wannan aika-aika, Kaka ta sa aka zubar da ruwan aka sako wani, Kawu ya fara kamar yadda aka saba. Ni kuwa aka ɗebar mini nawa abincin a murfin tukunya, aka ce in tafi gindin dalbejiya.

"Tunda kai ne sabon maigida, Alhaji, ci kai kaɗai," ta ce. "Kada mu dame ka."

Na ci ina harararsu. Auta yana lasar yatsu yana yi mini gwalo.

Bayan sallar isha'i muka zagaye murhun da Kaka take bandar kifi. Nan take mana tatsuniya, hayaƙi na korar sauro, mu kuma yana sa mu hawayen dole. Ita ba ta buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku" kamar sauran tsofaffi. Sai ta buga itace a gefen murhu ta ce, "Marar kunya ya matso gaba, da shi nake." Kowa ya juyo ya dube ni.

Wai wata shekara fari ya ƙone fadamun Nguru, sai tafki ɗaya ya rage wa tsuntsaye. Suka yi shawara a riƙa sha bi da bi: tsohon zalɓe ne farko, sai dinya, sai balbela, yara a ƙarshe. Akwai 'ya'yan agwagwa biyu. Babban mai rawar kai ne, ya ce shi ba zai sha ragowar kowa ba. Ya yi sammako ya tsoma baki kafin zalɓe. Ashe zalɓe ba don girma kawai yake farawa ba, shi ne ya san inda kada yake kwance.

"Caraf!" in ji Kaka, ta cafke ƙafata. Na yi ihun da na tabbata an ji har garin Jajimaji.

Ƙaramin kuwa ya yi haƙuri, kullum shi ne na ƙarshe, yana shan ruwan da kowa ya dama. Da damina ta dawo, sai ga gashin kowane tsuntsu ya fito a jikinsa: farin balbela, sheƙin dinya, dogon wuyan zalɓe. Ya fi kowa kyau a fadama.

Auta ya ɗaga hannuwansa yana juya su a hasken wuta. "Kaka, ni ma zan yi fuka-fuki?"

"Kai da kake wanke hannu a albarkar kowa? Har Makka za ka tashi, mijina."

Ya kwanta a cinyarta yana kaɗa gwiwar hannu.

Washegari Kawu bai iya tashi ba. Kafin gari ya sake wayewa Baba da yayana ɗaya sun bi shi, sai Auta. Amai da gudawa, ba tsayawa, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Manyan suna da jikin da ciwo zai ci ya rage. Auta ba shi da shi. Cikin yini guda idanunsa suka faɗa, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Kaka ta jiƙa saiwa, ta kawo rubutu, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Ruwa ya datse hanyar unguwarmu, sai da aka nemo kwale-kwalen da zai kai su asibiti. Ni da na ci a murfin tukunya ko ciwon kai ban yi ba. Ni na riƙe wa Auta buta, ni na bi su da takalmansa har bakin ruwa.

Yanzu ina makarantar kwana a Nguru. Ranar da malamin kiwon lafiya ya zana mana a allo yadda kwalara take bi daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa ruwa, daga ruwa zuwa baki, 'yan aji suna ta dariyar zanen masai. In da a da ne, ni zan fi kowa dariya. Ranar kasa na yi. Ban ce kwanon ne kaɗai ba, ai tire ɗaya suka ci, rijiya ɗaya muka sha. Amma na san wanda ya fara sa hannu, na san wanda ya ƙare. Kuma a tatsuniyar Kaka babu wanda ya tambayi ko zalɓe lafiyarsa lau.

Ban taɓa faɗa mata wannan ba, ita ma ba ta taɓa cewa komai ba. Sai dai tun daga shekarar, in an kawo abinci ita take fitowa da buta da sabulu, ta zuba wa kowa nasa ruwan ya gangara ƙasa, kuma daga ƙarami take farawa. Kwanon ta mayar da shi na ba kaji ruwa. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma tsuntsayen Nguru ba su sake fitowa daga bakinta ba.

Kawu Modu ya warke, yana nan yana sayar da bandar kifi a kasuwa. Baba da yayana an yi musu ƙarin ruwa a asibiti sun dawo. Auta a cikin kwale-kwalen ya rasu, kafin su kai tudu.